Daga caji ofis zuwa gaban alkali: tambayoyi da amsoshi kan kamu, beli, saki, rikon yara da gado

Wadannan tambayoyi ne da kullum suke dawowa, yau daga bakin wanda aka kama masa kani, gobe daga matar da aka saka aka kwace mata yara. Amsoshin na Najeriya ne, musamman jihohin arewa, kuma kowace jiha da dan bambancin dake cikin dokarta, dan haka idan magana tayi nauyi a nemi lauya ko aje wajen rajistaran kotu. Abun da yafi damuna shine da yawa daga abubuwan da ake mana muna hakuri muna cewa ai haka doka take, wallahi ba doka bace, ko al'ada ce ko kuma karfa-karfa.

An kama kanina, yau kwanansa biyar a sel ba a kaishi kotu ba. Hakan daidai ne?

Ba daidai bane. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 yace wanda aka kama a kaishi gaban kotu cikin kwana daya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu kuma kwana biyu, sannan cikin awa 24 dole a sanar dashi a rubuce dalilin kama shi da yaren da yake ji. Inda maganar take canzawa shine laifin da hukuncinsa kisa ne, kaman kisan kai ko fashi da makami, wannan wa'adin bai daure su haka ba, amma ko a nan ma abun da akeyi shine suje wajen majistare su karbo umarnin tsarewa, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 wato ACJA ta kayyade shi kwana 14 a karon farko, in zasu kara sai sun koma sun fadi dalili. Jihohi sunyi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Toh kaje ka nemi ganin DPO da kanshi cikin ladabi, ka tambayi laifin da ake tuhumarsa da sunan dan sandan dake rike da kes din, ka rubuta ranar da aka kama shi harda lokaci. Idan aka cigaba da wasa daku lauya zai shigar da karar take hakkin dan adam a babbar kotu, kuma kotu tana iya sawa a biya diyya.

Ance beli kyauta ne, amma mu an ce mu kawo kudi?

Kyauta ne a wajen 'yan sanda, a jikin bangon ofishinsu ma zaka ga an rubuta. Duk abun da ka bayar a can ba na gwamnati bane shiyasa ba a baka rasit. Na kotu kuma mutane suna rudewa, idan alkali yace beli akan naira dubu dari biyar da mutum biyu masu tsaya masa, yawanci ba wai ka kirgo kudin ka ajiye bane, alkawari ne mai tsayawa yake sawa hannu cewa idan mutumin ya gudu shi zai biya. Shiyasa kar ka tsayawa wanda baka san gidansu ba dan kawai an hadaka da Allah. Kuma mace tana da ikon tsayawa mutum beli, ACJA ta fadi hakan karara, duk wanda yace "Hajiya jeki turo namiji" son ransa ya fada.

Dana ake nema bai nan, sai suka tafi dani. Suna da wannan ikon?

Basu dashi Baba. ACJA ta hana kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta sake nanatawa. Laifin yaro baya hawa kan uba, na miji baya hawa kan mata. Sai dai in kai ne ka boye shi alhali kasan abun da yayi, wannan kuma laifinka ne na kanka.

Ina bin wani bashi yaki biya, in kaishi wajen 'yan sanda?

Bashi ba laifin da ake kulle mutum bane, kuma doka ta hana 'yan sanda kama mutum akan bashi ko saba yarjejeniyar kasuwanci, aikin kotu ne, ko majistare ko kotun shari'a. Nasan hanyar caji ofis tafi sauri shiyasa 'yan kasuwa suke binta, amma idan wanda ka sa aka kulle ya samu lauya mai ido zai maka ka kai da 'yan sandan a babbar kotu, kazo karbar dubu dari uku ka kare da biyan diyyar da ta fi haka. Inda yake zama laifi shine idan tun farko yaudara ce, misali ya sayar maka da filin da yasan ba nashi bane, ko ka bashi amanar kaya ya cinye, ko ya baka cek din da yasan babu kudi a ciki, wannan na karshen dokar 1977 ta sa masa daurin shekara 2. Dan Allah in zaka bada bashi a rubuta, a sa shaidu biyu, ko dan uwanka ne. Ayar da tafi kowacce tsawo a Alkur'ani akan rubuta bashi take, amma mu kunya take hanamu.

Sun dake shi har ya amsa laifin da bai yi ba, shikenan ya gama yawo?

A'a. Dokar shaida ta 2011 tace ikirarin da aka samo ta hanyar azabtarwa kotu bata karbarsa, kuma akwai dokar hana azabtarwa ta 2017 da ta mayar da dukan kansa laifi akan jami'in da yayi. Amma fa akwai lokacin magana, daidai sanda mai gabatar da kara ya miko takardar a kotu a nan lauya zai tashi yace ba da son ransa ya fada ba, sai alkali ya tsaya ya binciki yadda aka dauki bayanin. In akayi shiru aka karba, gyaran yana wahala. Idan akwai tabo ko rauni a dauki hoto, a samu takardar asibiti. Kuma tun farko mutum yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauyansa, kar ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba.

Na sayi waya a hannu ashe ta sata ce, an biyo sawu an kamani.

Wannan yana cin samari sosai. Karbar kayan sata laifi ne a Final Kod, kundin laifukan da arewa take aiki dashi tun 1960, daurinsa yana iya kaiwa shekara 14, amma sai an nuna ka sani ko kana da dalilin da ya kamata ka gane ta sata ce. Wayar dubu dari biyu aka baka a dubu talatin da daddare babu kwali babu rasit, me zaka cewa alkali? Abun da zai cece ka shine rasit, shaidar tiransfa, da nuna wanda ya sayar maka.

Mun sasanta da wadanda suka yi kara, me yasa ba a sake shi ba?

Saboda babban laifi ba tsakaninku bane kawai, gwamnati ce mai kara. Kananan abubuwa irin su fada, zagi, karamin rauni, ana iya sulhu a fadawa kotu ta rufe. Amma kisa, fashi, fyade, ko mai karar yace ya yafe, antoni janar na jiha ne kadai yake da ikon janyewa. A kotun shari'a a jihohin da suka kaddamar da dokar laifuka ta Musulunci, wadda Zamfara ta fara a 2000, magadan wanda aka kashe suna da bakin magana, ko kisasi ko diyya ko yafiya. A babbar kotu kuma ba haka tsarin yake ba.

Maganar fyade kuwa ina rokon iyaye, a daina karbar kudi a rufe wai dan kar sunan yarinya ya baci, wanda aka rufawa asiri yau gobe 'yar makota zai taba. A kaita asibiti a ranar kafin tayi wanka, a ajiye kayan jikinta yadda suke, sannan a kai rahoto.

An kama barawo a unguwa jama'a suka dake shi ya mutu, akwai laifi?

Kisan kai ne, kuma duk wanda aka gane ya sa hannu zai amsa shi kadai, ranar ba zaka ga jama'ar ba. Doka ta baka ikon kare kanka da dukiyarka daidai girman barazanar, ta baka ikon kama mai laifi ka mika shi ga hukuma, iyakarta kenan. Balle sau nawa ihun barawo ya fada kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Wani ya bata min suna a Facebook da TikTok.

Ka dauki hoton rubutun ko ka sauke bidiyon kafin ya goge. Bata suna laifi ne a Final Kod, daurinsa har shekara 2, kuma zaka iya karar neman diyya daban. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yiwa gyara a 2024. Masu tura abun da basu tabbatar ba a guruf suma su sani yadawa ma tana jawo kara.

Bamu da kudin lauya.

Akwai hukumar bada tallafin shari'a kyauta ta tarayya, tun 1976 take kuma tana da ofis a jihohi, ga kungiyar lauyoyi mata FIDA dake taimakon mata da yara, ga hukumar kare hakkin dan adam ta kasa. Laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa ba a shari'arsa babu lauya, kotu ce zata sa a bashi. A kotun shari'a akan aure ko gado ba dole sai da lauya ba, da bakinki zaki fadi kararki a rubuta a bada sammaci.

Mijina ya turo min saki ta tes, ya saku?

Idan ya tabbata shi ya rubuta kuma sakin yake nufi, ya saku, rubutu kaman furuci ne. Kar ki goge sakon 'yar uwa, domin sau da yawa in zuciya ta huce sai ace ai ba ni na tura ba, a nan kotu zata nemi shaida ko rantsuwa. Saki uku a kalma daya kuma mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi uku take kirga shi, duk da akwai malaman da suke ganin daya ne, dan haka kar ku yanke wa kanku hukunci a daki, kuje gaban alkali ko malamin da ya san fikihu ku fadi lafazin yadda ya fito ba kari ba ragi. Auren kisan wuta da ake shiryawa dan a koma kuwa haramun ne kuma baya halatta komen.

Ya sakeni yace in kwashe kayana in bar masa gida a daren.

Ayar farko ta Suratu Dalak cewa tayi kar a fitar dasu daga gidajensu. In saki daya ne ko biyu, a dakinki zakiyi idda, ci da sha da sutura duk suna kansa, kuma yana iya mayar dake kafin ta kare ba sabon sadaki. Idda tsarki uku ce, mai ciki sai ta haihu, wadda bata jini wata uku, takaba kuma wata hudu da kwana goma. In saki na uku ne wajen zama yana kansa har ki gama, ciyarwa kuma sai in kina da ciki. Mun saba mace ta dau mayafi ta tafi gidansu cikin dare har muna ganin hakan ne addini, alhali shi yake kashe auren da kwana biyu a gida daya zai gyara. Amma in akwai duka ko kina tsoron ranki, fita zakiyi, ki kai maganar gaba. Kayan dakinki da sadakinki da duk abun da kika saya da kudinki naki ne, babu mai rike miki su.

Yaki sakina kuma yaki rikeni da mutunci, sai na biya shi zan fita?

Nan ne ake cutar mata da yawa saboda an hade abu biyu. Akwai khul'i, wato ke ce kika gaji ba tare da wani laifinsa ba, sai ki fanshi kanki, asalinsa matar Sabit bin Kais da Annabi (SAW) yace ta mayar masa da gonar da ya bata sadaki. Akwai kuma raba aure saboda cutarwa, duka, zagi na wulakanci, rashin ciyarwa, kaurace wa shimfida, wannan in kika tabbatar alkali zai raba ku baki biya ko kwabo ba, Malikiyya tafi kowace mazhaba fadi a wannan babin. Matsalar shine shaida. Mace zata sha duka shekara biyar tana boyewa ko uwarta bata sani ba, ranar da taje kotu ace ina shaidunki babu, sai a juya maganar ta koma khul'i, shi kuma ya mike ya lissafo lefe da kudin gaisuwa da na dinki harda abincin biki. Dan haka ki bari makota da waliyyinki su sani, ki ajiye katin asibiti da sakonnin waya. In kuma khul'in ne, kina da ikon cewa kudin da ya yanka yafi karfinki, alkali ya duba sadakin da aka bayar.

Ya tafi neman kudi shekara uku babu aike babu waya.

In bai bar miki abun ci ba, ba sai kin jira shekaru ba, ki kai kara akan rashin ciyarwa, kotu zata neme shi ta bashi wa'adi, in bai zo ba ta raba. Wanda ya bace bat ba a san yana raye ko ya mutu ba amma akwai dukiyarsa da ake ciyar dake, shine ake jira shekara 4 daga ranar da kika kai kara sannan kiyi takaba. Kar dai ki daura wani aure da kanki ba hukuncin kotu.

Bayan saki waye yake da ikon rike yara?

Uwa. Na san wannan zai yiwa wasu maza daci amma haka yake a littafan da alkalanmu suke hukunci dasu, namiji yana hannunta har ya balaga, mace har tayi aure ta tare. Abun nan da muka saba na da an yaye yaro sai a dauke a kaiwa kishiya ko gwaggo, al'ada ce. Idan uwar tayi aure da wanda ba muharramin yaron ba rikon yana komawa wajen kakarsa ta wajen uwa, sannan 'yan uwan uwar mata, kafin ya zagayo bangaren uba. Ana iya karbe riko in an tabbatar bata da amana ko lafiyar kula dasu, tabbatarwa fa ba zargi ba. Shi kuma uba ci da sutura da magani da makaranta duk nashi ne ko yaran suna ina, gwargwadon samunsa, kotu tana yanka masa na wata, kuma ba a hana shi ganin 'ya'yansa. Masu cewa "in kina son in ciyar dasu ki kawo min su" basu da wannan sharadin a shari'a.

Za a iya yi min auren dole?

Bazawara babu mai aurar da ita sai da yardarta, Annabi (SAW) ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya daura bata so. Budurwa kuma Malikiyya ta bawa uba ikon zaba mata, banda kawu ko yaya, kuma ko uban ba a yarda ya bada ita inda zata cutu ba, kotu tana iya warwarewa. Dokar kare hakkin yara ta tarayya ta 2003 ta sa shekara 18 kafin ayi aure, amma sai yadda jiha ta karbe ta take aiki. A Kano kuma tun 2024 gwajin lafiya kafin aure ya zama doka.

Munyi auren rajista, zan iya kara mata?

A'a, auren rajista na mace daya ne, karawa laifi ne mai dauri. Kuma ba a kashe shi da takardar saki, sai babbar kotu karkashin dokar shari'ar aure ta 1970, kuma yawanci ko karar ma kotun bata karba kafin shekara 2 da auren sai da izini na musamman. Masu zuwa yinsa dan neman biza su san abun da suke sawa hannu.

Mahaifinmu ya rasu, babban yayanmu yace shi aka rubuta a banki dan haka kudin nashi ne.

Sunan da aka rubuta a fom din banki ko na fansho, wanda ake kira nes of kin, ba magaji bane, wanda za a tuntuba ne kawai. Banki zai nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotu, kudin kuma na duk magada ne. Tsarin shine a fara cire kudin jana'iza, a biya bashi harda ragowar sadaki in akwai, a zartar da wasiyya wadda bata wuce sulusi kuma ba a yiwa magaji, sannan a raba. Matan mamacin suna da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, ko su hudu ne shi zasu raba. Miji rabi in babu 'ya'ya, rubu'i in akwai. Uwa da uba sudusi kowanne in akwai 'ya'ya, namiji kuma rabon mata biyu. Gona da gida ma mata suna da rabo a ciki, cewar da akeyi wai mace bata gadon kasa zalunci ne tsagwaronsa. Jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa basa gado in akwai 'ya'ya maza a raye, shiyasa yake da kyau kaka yayi musu wasiyya ko kyauta tun yana da rai, kyautar kuma a damka musu a hannu da shaidu, domin wadda ba a karba ba har mai ita ya rasu komawa gado take. Kuma a raba da wuri, gadon da aka bari shekara ashirin wai kar gida ya watse shine yake kai jikoki kotu.

Hisbah ko mai unguwa sun yanke mana hukunci, ko alkali yayi wanda ban gamsu ba, ina zani?

Hisbah da mai unguwa da dagaci sulhu sukeyi, kuma sulhun yana da amfani sosai in kowa ya yarda, amma ba kotu bane, in baka gamsu ba kofar kotu a bude take. Hukuncin karamar kotun shari'a ana daukaka shi zuwa babbar kotun shari'a, daga nan in maganar aure ce ko riko ko gado sai kotun daukaka kara ta shari'a ta jiha wadda Girandi Kadi yake shugabanta, sannan kotun daukaka kara ta tarayya, har kotun koli a Abuja. Akwai wa'adi, a kananan kotuna yawanci kwana 30 ne daga ranar hukunci, dan haka a ranar ka nemi kwafin shari'ar wajen rajistara ka biya kudin ka karbi rasit. In wa'adin ya wuce maka sai ka fara rokon kotun sama ta kara maka lokaci, kuma sai ka kawo dalilin da ya hanaka zuwa.